Shin Ko Kun San? Furfura Ba Ta Yi Wa Kowa Rajistar Magani

Shin ko kun san cewa a Najeriya babu wata shekara da mutum zai cika, washegari ya wayi gari gwamnati ta ɗauke masa kuɗin magani? Ko sittin, ko saba'in, ko tamanin. Furfura takan sa a shimfiɗa maka tabarma a zaure, a fara miƙo maka ruwa kafin kowa, amma ba ta sa sunanka a littafin asibiti. Sai an je an rubuta, kuma rubutun yana da lokacinsa da sharuɗɗansa.

Wani kawuna a Tsiga, can ƙaramar hukumar Bakori, shi ya koya mini wannan ba da niyya ba. A tsakiyar damina ya ji a rediyo ana cewa gwamnati ta ware kuɗi don lafiyar tsofaffi. Ƙafarsa ta kumbura, kansa na sarawa, sai ya saka babbar riga, ya hau bayan babur ɗin jikansa zuwa wani asibiti. Yarinyar da ke kan tebur ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, ina katinku?" Ya ce, "Wane kati kuma, 'yata?" Ya ɗaga hula ya nuna mata kansa fari fat. "Ga katin nan." Aka yi dariya, har shi. Amma da ya fito, tiya biyar ta masara ce ta biya maganin hawan jinin.

Shin ko kun san cewa a takarda, inshorar lafiya wajibi ce a kan kowane mazaunin ƙasar nan? Ranar 19 ga Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIA, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS. Ita NHIS dokarta ta 1999 ce, amma sai a 2005, zamanin Obasanjo, ta fara aiki, kuma shekara da shekaru kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗai ta sani. Sabuwar dokar ta tanadi asusu na musamman don masu rauni, ta kuma lissafa su: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, masu buƙata ta musamman, marasa galihu, da tsofaffi. A lokacin an yi ta ambaton mutum miliyan 83 da asusun zai ɗauka. Duk da haka, har yau waɗanda ke da inshorar lafiya ba su wuce mutum ɗaya cikin goma ba, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. A yankinmu, aljihun nan sunansa rumbu.

To, wane ne ma tsoho a idon hukuma? Nan ma ba baki ɗaya ba. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya idan ya cika shekara 60, ko ya yi shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malamin makaranta, bisa dokar 2022, sai 65 ko shekara 40 a bakin aiki. Manufar ƙasa kan tsufa da aka amince da ita a 2021 tana ƙirga tsufa daga 60. Amma dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018, daga 70 ta fara. Saboda haka tambayar farko da ya kamata ɗa ya yi a gaban tebur ɗin rajista ita ce, "Ranka ya daɗe, a wannan shirin daga shekara nawa kuke ɗauka?" Kada ya tafi da lissafin da ya ji a majalisa.

Abin da ya fi ba ni haushi a duk tsarin shi ne wannan. Shin ko kun san cewa inshorar ma'aikaci a tsarin tarayya a jikin albashinsa take rataye? Ranar da albashi ya tsaya, ita ma sai ta tsaya. Mutum ya yi shekara da shekaru ana biya masa, lokacin da jikinsa ke da ƙwari, da ƙyar yake zuwa asibiti sau biyu a shekara. Ranar da gwiwa ta fara ƙara, ido ya fara yana, fitsari ya fara gardama, ranar ce katin ke mutuwa. Kamar a ba ka laima duk rani, a karɓe ta ranar da hadari ya haɗo. Tsofaffin sojoji suna da nasu tsarin daban da ke bin su bayan ritaya, amma ɗan fansho na farar hula sai ya sake shiga da kansa, da kuɗinsa.

Kuma kada wani ya ce ai ɗansa ma'aikaci ne a Abuja. Katin ma'aikacin tarayya mutum shida yake ɗauka: shi, da mata ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uba da uwa ba sa ciki, sai dai a biya musu daban. Mai mata biyu ma sai ya zauna ya yi tunanin wadda zai rubuta, wannan kuwa wani ciwon kan ne da babu inshorar da ke maganinsa.

Ƙofar da aka buɗe wa manomi da ɗan kasuwa da ɗan fansho ita ce shirin GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a 2020. Mutum zai iya shiga shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko a ƙungiyance. A lokacin ƙaddamarwa kuɗin ya kama naira 15,000 a kan kowane mutum a shekara, daga baya aka ƙara. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: wani yana iya biya wa wani. Ɗa da ke Legas ko Fatakwal zai iya biya wa mahaifiyarsa da ke ƙauye, ƙungiyar manoma za ta iya biya wa dattawanta. Kuɗin na shekara guda ne, wata goma sha biyu na cika sai a sabunta, in ba haka ba katin ya zama ado a aljihu.

Jihar Katsina tana da tata hukumar tun dokar 2018, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Kano ta riga ta da shekara biyu. Ku duba sunayen hukumomin biyu, babu kalmar inshora a ciki, taimakekeniya ake cewa. A ganina dabara ce mai kyau. Dattijon da zai ɗaure fuska in ka ce masa inshora, yana tunanin riba da caca, shi ne zai gyaɗa kai in ka ce masa gayya ce: kowa ya kawo fartanyarsa, a taru a gonar wanda ciyawa ta fi ci.

Yanzu ga maganar lokaci, wadda ita ce ƙashin bayan zancen. Shin ko kun san cewa ba ranar da ka biya kake fara shan magani ba? Akwai kwanakin jira. Ƙa'idojin NHIS na 2012 sun sa kwana 90 tsakanin rajista da fara cin moriya, kuma har yau duk shirin da ake biyan kuɗi yana da nasa wa'adin, sai a tambaya kafin a zaro kuɗi. Dalilin a fili yake: da babu jira, babu wanda zai biya sai ya kwanta, asusun kuwa da kuɗin masu lafiya yake ɗaukar marasa lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku ɗora wannan a kan kalandar manomin Tsiga ku gani. Kuɗi yana shiga hannu ne daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da masara ta shigo, aka casa waken suya, dawa ta sunkuya, motoci suka fara layi a hanyar Bakori da Funtuwa. Ciwo kuwa yana da nasa zangon: zazzaɓin cizon sauro a Agusta da Satumba, tari da sanyin ƙashi a hunturu, sannan zafin bazara da ke kayar da masu hawan jini da ciwon suga. Wanda ya biya a farkon Nuwamba, ko da kwana 90 aka sa masa, katinsa ya tashi a farkon Fabrairu, tun kafin bazara, kuma zai raka shi har ya ƙetare damina. Wanda ya bari sai Agusta ta kwantar da tsohuwarsa, lokacin rumbu ya yi ƙasa, kuɗin ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago, in ma ya ranto ya biya, sai an fara girbi katin zai yi aiki. Hausa ta riga ta haɗa mana kalmar, mu ne ba mu lura ba: kaka ce lokacin yi wa kaka rajista.

Shin ko kun san akwai hanyar da ba a biyan ko sisi? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin, naira biliyan 55 da 'yan kai. Yadda dokar ta raba shi: rabi ya bi ta hannun hukumar inshora don biya wa talaka magani, kashi 45 ya tafi ga asibitocin sha-ka-tafi don magunguna da kayan aiki da ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa. Tsarin shi ne asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, Katsina kuwa mazaɓu 361 gare ta a ƙananan hukumomi 34.

Amma a nan ne mutane ke tuntuɓe. Wannan rajistar ba kullum take a buɗe ba, kuma ba kowa take ɗauka ba. Gurbi ake bayarwa gwargwadon kuɗin da ya zo, a yi ta zango-zango. Sunaye kan fito daga rajistar marasa galihu ta gwamnati, da kuma bakin kwamitin ci gaban mazaɓa da masu unguwanni. Ma'aikata su zo da na'ura, su yi kwana biyu ko uku, su ɗauki hoto, su naɗe. Tsohon da ya tafi gona da asuba, ko tsohuwar da ba ta fita sai da rakiya, sai su ji labari bayan mota ta tashi. Shi ya sa gaisuwar da ɗa zai kai wa mai unguwa da shugaban asibitin mazaɓa, ya ce in an tashi a tuna da Inna, ta fi tafiya Katsina sau uku amfani.

Sai batun lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, wadda yanzu kusan babu rajistar da ke tafiya ba ita. Ga mutanen da aka haifa a ɗakin uwa, ungozoma ta yanke cibiya, liman ya raɗa suna, babu wanda ya rubuta rana, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai a je kotu a yi takardar rantsuwar shekaru. Na taɓa zama ina kallon yadda ake tono shekarun dattawa, abin gwanin sha'awa. Ba a tambayar shekara, tarihi ake tambaya. "Baba, da Sarauniyar Ingila ta zo kuna ina?" Wannan 1956 ke nan. "Da aka kashe Sardauna fa?" Janairun 1966. "Da aka koma tuƙi ta hannun dama?" 1972. "Da aka daina fam da sule aka koma naira?" 1973. Wata tsohuwa ta ce ita dai tana goyon ɗanta na fari aka raba Katsina da Kaduna, sai aka rubuta 1987 a gefe, aka cire sha takwas. Wanda aka haifa shekarar samun 'yancin kai ya cika 60 a 2020, zai cika 70 a 2030.

Gargaɗi ɗaya a nan, da babbar murya. Da yawa sun rage shekaru lokacin yin katin ɗan ƙasa, wasu don neman aiki, wasu don mai cike fom ɗin ne ya kalli fuska ya yanka. Yau ga shi mutum ya haura saba'in, na'ura ta ce hamsin da takwas. Gyaran ranar haihuwa a hukumar katin ɗan ƙasa yana yiwuwa, amma da kuɗi da zirga-zirga, ba aikin ranar da ciwo ya tashi ba ne. Haka in sunan da ke kan katin zaɓe ya sha bamban da na NIN, nan Muhammadu can Mamman, shi ma yana mayar da mutum gida.

Shin ko kun san cewa kati a hannu ba ya nufin kowane magani kyauta? A tsarin tarayya na masu biya, majinyaci yana ba da kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka rubuta masa. Maganin naira 5,000, kai naira 500. Sannan akwai jerin magungunan da hukuma ta amince da su, kuma da sunan sinadarinsu aka jera su, ba da sunan kamfani ba. Wannan yakan jawo rigima da dattawa. Tsoho ya saba da ƙwaya mai jan kwali da yake saya a kemis, a ba shi fara a leda, ya ce an ba shi na talakawa. Sau da yawa abu ɗaya ne a ciki, riga ce ta bambanta. Ga mai hawan jini ko ciwon suga, wanda zai sha magani kullum har ƙarshen rayuwa, wannan rangwamen shi ne ribar katin gaba ɗaya, ya fi gadon asibiti da ƙarin ruwa muhimmanci.

Kuma katin asibiti ɗaya ya sani. Ranar rajista kake zaɓar inda za a riƙa duba ka, hukuma ta riƙa tura wa asibitin wani abu duk wata da sunanka, ko ka je ko ba ka je ba. Shekaru masu yawa naira 750 ce, sai a 2024 aka fara ɗaga ta. Ba a sauya asibiti sai an yi wata shida. In ciwo ya fi ƙarfinsu, su ne za su ba ka takardar turawa da lambar izini zuwa babban asibiti, Funtuwa ko Malumfashi, daga can kuma Shika ko Katsina. Wanda ya tsallake ya tafi Shika kai tsaye don ya ji an ce can likitoci suke, in ba gaggawa ba ce, da aljihunsa zai yi magana. Don haka a zaɓa wa tsoho asibitin da babur zai kai shi ko ana ruwan sama, ba wanda ya fi suna ba.

Mu leƙa maƙwabta a gurguje. A Ghana, inda Hausawan zango suke a Kumasi da Nima, dokar inshorar 2003 ta yafe wa ɗan shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara, amma dole ya yi rajista, dole ya riƙa sabuntawa, yanzu ma ta waya ake yi. A Senegal, Shugaba Abdoulaye Wade ya fito da shirin Sésame a 2006 don 'yan 60 zuwa sama. A Nijar, kyautar maganin da aka fara a 2005 da 2006 ta tiyatar haihuwa ce da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A Ingila kuwa, da ka cika 60 ka daina biyan kuɗin maganin da likita ya rubuta.

Amurka ce ta fi kowa tsaurin agogo. Shirinsu na tsofaffi, Medicare, Shugaba Lyndon Johnson ya sa masa hannu ranar 30 ga Yulin 1965, kuma tsohon shugaba Harry Truman aka miƙa wa kati na farko. Daga shekara 65 yake farawa. Ƙofar shiga wata bakwai take a buɗe: wata uku kafin watan haihuwarka, watan kansa, da wata uku bayansa. Ka makara ba tare da wata inshorar wurin aiki ba? A ɓangaren ganin likita za a ɗora maka tarar kashi 10 cikin 100 a kan kowace cikakkiyar shekara da ka yi jinkiri, kuma tarar ba ta sauka muddin kana cikin shirin. Ɓangaren magunguna, wanda aka fara a 2006, shi ma da tasa: ka yi kwana 63 babu inshorar magani, a fara ƙirga maka kashi 1 cikin 100 duk wata. Sannan kowace shekara, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, ake buɗe damar sauya tsari. Ku duba kwanakin nan da kyau. Daidai lokacin da tsohon Amurka ya saka tabarau yana kwatanta farashin magunguna, lokacin ne mutumin Tsiga ke ɗinke bakin buhu. Su hukuma ce ta yanka musu wa'adi, har da tara. Mu babu wanda ya yanka mana, sai rumbu.

Kawu dai an yi masa NIN bayan kaka, jikansa ya kai shi har sau biyu saboda na'ura ta ƙi karanta yatsunsa, noma ya cinye zanen. Da takardar ta fito aka karanta masa ranar haihuwa, 1 ga Janairu. Ya ce ƙarya ne, shi mahaifiyarsa ta gaya masa ana tsinkar auduga aka haife shi, shekarar da aka kai ta kasuwar auduga a kan jakuna har aka rasa wurin ɗaure su. Aka ce masa rabin tsofaffin garin nan 1 ga Janairu aka rubuta musu. Ya ce to, ashe ranar ungozoma ta sha aiki. Ya ninke takardar, ya saka ta a leda tare da rasiɗin taki, ya cusa a aljihun 'yar shara, ya ce wa yaron ya bi da shi ta ƙofar gidan mai unguwa.